Ambirayajin Mobilet ɗin Kakana

Shekaranjiya a Yamai ina tsaye bakin hanya ina jiran taksi, sai ga wani mai moto ya kutsa cikin yashi da buhunan gawayi a baya. Yana ta murɗa hannu, injin yana ihu, taya tana haƙa rami. Can sai warin ya taso, warin ambirayaji idan ya ƙone, abin nan da 'yan Najeriya ke ce wa kuloci. Matan da ke kusa da ni suka toshe hanci da gyale. Ni kuwa na ja shi har cikin ƙirji. Ka ce mini mahaukaciya in ka ga dama, amma warin nan a tsakar gidanmu na Gaya na san shi, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

Kakana na wajen uba yana da gonar shinkafa a fadama, ta wajen Tunuga. Tsoho muke ce masa. Ni yana ce mini amarya, ni kuma in ce masa ango mai kai kamar ƙwarya, kamar yadda jika da kaka suka saba. Abin hawansa wata mobilet ce shuɗiya, irin mai fedar nan kamar keke, wadda ta girmi yayana. Hanyar gonar ba ta da laifi sai wuri ɗaya. Idan ka shiga cikin giginyu akwai wani kwari da ruwa ya daɗe da ƙaurace wa, ya bar yashi fari fat, mai laushi, wanda da bazara yake gasa ƙafa ko da takalmi. Da can idan Tsoho ya iso nan sai ya miƙe a kan feda ya taimaka wa injin, su fita tare suna nishi.

Sai ciwo ya kwantar da shi wata shekara da kaka, ya tashi ƙafar hagu ta ƙi bin umarni. Tafiya yana yi da sanda, mobilet kuma yana tayar da ita da ƙafar dama, amma taka feda cikin yashi ya ƙare. Daga nan na zama mai turi. Ranar da babu lakwal, wato makaranta, sai in hau bayansa in riƙe rigarsa, muna isa kwarin in diro in dafa kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, in tura, yashi yana watso mini a baki, shi kuma yana cewa wace irin amarya ce wannan ba ta cin tuwo. Ranar da nake lakwal sai ya tsaya a bakin yashin yana jiran wanda Allah zai kawo, ko Bafulatani mai shanu, ko mata masu itace. Wata rana ba wanda ya zo, shi kuma haƙuri ba abincinsa ba ne. Ya shiga shi kaɗai, injin ya mutu a tsakiya, mobilet ta kwanta a kansa, ƙarfen hayaƙi ya ƙona masa ƙwauri. Haka ya kwanta cikin rana har wasu masu haƙar muruci suka tsince shi.

Ƙunar ba ta gama warkewa ba babana da ƙanensa, wato baffana, suka same shi a zaure. Ina bayan ƙofa ina tsintar wake, kunnena kuwa yana ciki. Suka ce sun yi magana da wani mutum a can, zai karɓi gonar aro ya riƙa nomawa, da kaka ya kawo rabonmu har gida.

"Baba, ka yi mana aikin da za ka yi," in ji babana, murya ƙasa-ƙasa. "Ka huta haka nan. Shinkafa ba za ta yanke a gidan nan ba."

"Wa ya ce maka shinkafa nake nema?" in ji Tsoho.

Ba su gane ba, ni ma a lokacin ban gane ba. Yanzu na gane. Ya ga sa'o'insa da aka hutar. An shimfiɗa musu buzu a zaure, ana kawo musu kunu, ana gaishe su da ladabi, ba a shawara da su ko a kan sayen akuya, har ranar da za a ɗauke su. Abin da yake tsoro ke nan, ba yashi ba. Sai Tsoho ya ce musu kafin ruwan farko ya sauka zai ƙetare kwarin nan a gabansu ba tare da hannun kowa ya taɓa mobilet ɗinsa ba. In ya ƙetare, kada ya ƙara jin maganar aro. In ya kasa, su ba wanda suka ga dama. Babana ya yarda nan take, don a ransa magana ta riga ta ƙare.

Ranar kasuwa Tsoho ya ƙetare gada zuwa Malanvil ya dawo da sabon ambirayaji a naɗe cikin takardar siminti. Ba na kamfanin da ya ƙera mobilet ɗin ba ne, irin kayan nan ne da ke haurowa daga Kwatano, mai shagon ya rantse masa cewa da wannan har tudu sai ta hau da mutum biyu. Aka ɗaura. Muka je gwaji a yashin da ke bayan makabarta. Wallahi gara tsohon ambirayajin. Yana murɗa hannu sai mobilet ta yi tsalle kamar an tsikari akuya, ta shiga yashi taku kaɗan, ta yi tari ta mutu. Baffana da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce an sayar wa Baba ƙarfen banza.

Washegari da hantsi Tsoho ya kwance abin a gindin darbejiyar tsakar gida, ya zuba ƙananan ƙarafan a babban tiren kakata, wanda ba ta fitowa da shi sai ranar suna. Ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce mata tire dai ba ya jin wari. Ya kira ni ya nuna mini cikinsa. Wasu ƙarafa ne masu lanƙwasa, kowane da fatar kamu a bayansa, 'yan rasor, wato wayoyin ƙarfe masu naɗi, suna riƙe da su. Idan injin ya juya da ƙarfi sai su buɗe su cafki kwanon da ke rufe da su, taya ta soma tafiya.

"Kin ga laifinsa, amarya? Gaggawa. Injin bai gama jan numfashi ba an ɗora masa kaya. A kan kwalta ba komai, a yashi kuwa shaƙe shi ake yi. Sai mun rage musu nauyi, su jira ya cika ƙirji tukuna."

Ya ɗauko magagari ya soma gagara. Sautin nan, ƙirr, ƙirr, shi ya zama kiɗan gidanmu duk bazarar. Zafi ya yi zafi, kaji suna buɗe baki a gindin randa, mangwaro yana faɗowa yana fashewa, shi kuwa yana zaune da ƙafar hagu a miƙe, garin ƙarfe yana taruwa a kan wandonsa. Da ido ya auna na farko. Da aka ɗaura, mobilet ta kama rawa kamar mai zazzaɓi, har madubi ya faɗi. Ashe wani ƙarfen ya fi wani nauyi, kuma ido ba ya ganin irin wannan bambanci. Sai ya ɗaure su a ƙyalle ya aike ni wurin maƙerin azurfa, mai ɗan mizanin nan da yake auna 'yan kunne. Na yi zirga-zirgar nan har na daina lissafi. In kai, maƙeri ya ce wannan ya rinjayi wancan da kamar ƙwayar dawa, in dawo, Tsoho ya gagara, in koma.

Bayan sun daidaita sai ya zarce. Ya sa rasor masu tauri, ya ƙara gagara, muka je gwaji, injin ya yi ta ihu har jemagu suka tashi, taya kuwa da ƙyar take motsi. Hayaƙi ya fito, warin nan ya cika unguwa, fatar kamun ta ƙone ƙurmus. Ranar na ga ya daɗe yana kallon tiren. Da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa shi ya wuce. Kowa a gari yana roƙon ruwa, ni kaɗai ina roƙon Allah ya ɗan jinkirta, ina kuma jin tsoron zunubin hakan.

Mutane suka soma magana. A bakin famfo wata yarinya ta ce wai ciwon kakana ya taɓa masa kai, tsoho da furfura yana wasa da ƙarfe kamar yaro. Na ajiye bokiti na cika mata baki da yashi. An dake ni a gida, kuma har yau ban ba ta haƙuri ba.

Ya sa aka liƙa sabuwar fata, ya mayar da rasor masu ɗan sauƙi, ya bar ƙarafan yadda suke. Da muka koma bayan makabarta, ya murɗa, injin ya ɗaga murya ya tsaya a kanta, sannan mobilet ta ɗauka a hankali, ba tsalle ba tari. Ya kashe ya ce in je in gaya wa babana gobe da safe.

Muka tafi, ni a bayan Tsoho, babana da baffana a kan babban moton baffa. Sama ta yi lumshi, ana jin ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. A bakin kwarin ya tsaya ya ce in sauka. Ya gyara hula, ya ɗora ƙafar hagu a kan feda da hannunsa, ya yi bismilla ya shiga.

Farkon ya tafi sumul. A tsakiya, inda yashin ya fi zurfi, inda ya faɗi a da, sai gudun ya ragu. Tayar baya ta soma haƙa, gaban yana lilo, ƙafar dama tana jan ƙasa. Ban san lokacin da na ruga ba. Na iso bayansa hannuwana a miƙe, saura kaɗan in dafa kariya, sai na ji muryarsa ta cikin ihun injin, ko waiwaye bai yi ba.

"Amarya, kika taɓa, na sake ki."

Na tsaya cak. Sai na ga babana a gefena, ya yar da takalmi ɗaya a guje, shi ma hannuwansa a miƙe, bakinsa yana motsi da addu'a. Mutumin da ya zo don ya ga an kasa. Muka bi shi a haka, ba mu taɓa ba, ba mu kuma iya sauke hannu ba. Injin bai mutu ba. Ya riƙe muryarsa, taya ta kama, ta saki, ta ƙara kamawa, ta hau ƙasa mai tauri. Tsoho bai tsaya ba, bai ɗaga mana hannu ba, ya shige cikin giginyu ya bar mu da ƙura.

Muka tarar da shi a gona zaune a kan kunya. Ya dubi 'ya'yansa ya ce sun yi latti, rana ta yi. Babana ya naɗe wando ya ɗauki fartanya. Maganar aro ba a ƙara tayar da ita ba har Tsoho ya bar duniya, kuma damina da yawa ya noma bayan wannan.

Yanzu an zuba jar ƙasa a hanyar, motocin zamani kuma suna da ƙarfin da ba sa kula yashi. In abu ya lalace ba mai buɗewa, a cire a jefar a sa sabo. Babana ne tsohon gidan yau. Gwiwa ta soma gardama, ido ma ba kamar da ba, amma kullum da safe sai ya hau motonsa ya tafi fadama. Watan jiya ƙannena suka kira ni a waya, sun haɗa baki, wai a ɓoye makullin moton, a ba wani gonar, ni ce babbar mace, ni yake jin maganata, in lallashe shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ina tsoro. Duk lokacin da waya ta yi ƙara daga gida sai gabana ya faɗi. Amma na ce musu wanda ya isa ya je zaure ya faɗa masa da bakinsa, ni hannuna ba ya ciki. Na kashe wayar, na shiga kasuwa na saya masa sabuwar taya, na ba direban Gaya ya kai masa.