Giris a Bakin Injin Baba

Da na sauka daga kan kabu-kabu ranar da aka ba mu hutu, abin da na fara gani shi ne injin yanka katako na Baba a ƙasa, jingine da rumbu. Tun da ya bar aikin soja ya saye shi, a kan ƙusa yake rataye shi cikin ɗakinsa.

Mama ta tare ni a tsakar gida. Ta ce ɓarin jikin Baba ya shanye tun muna jarrabawa, suka ƙi faɗa mini. Na same shi kan tabarma a ƙofar ɗaki, bakinsa ya karkace, hannun dama yana kwance kan cinya kamar ba nasa ba.

Ƙanensa da ke zaune a Manga, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya zo da yamma. Shi zai tafi da injin washegari ya ci gaba da aikin. Ya tsiyaya baƙin mai kan sarƙar injin yana dariya.

"Ka gani, Soja? Ina shayar da shi har ya ƙoshi."

Baba ya yi gurnani, yana danna babban yatsansa na hagu a iska. Mama ta kawo ruwa, ya kau da kai.

Ni na gane. A bakin dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa akwai ɗan gargare mai haƙora, da wani ɗan rami a gefensa. Kullum in Baba ya dawo daga daji, sai ya sakace ramin da tsinken tsintsiya, ya cika tsohuwar sirinji marar allura da giris, ya matsa a ciki yana juya gargaren har giris ɗin ya ɓullo tsakanin haƙoran. Yakan ce in wurin ya bushe zai yi zafi ya cije, ƙarfen ya tashi aiki. Daga bayan labule nake kallonsa, ban taɓa matsowa ba.

Na ɗauko sirinjin a gwangwanin madara, na jawo injin zuwa bakin tabarma. Garin katako ya daskare a ramin, da ƙyar na fitar. Na sa masa sirinjin a hannun hagu. Ya matsa, ta zame, giris ya ɓata masa wando. Ya sake, ta sake zamewa. Sai na ɗora yatsana kan nasa muka matsa tare. Gargaren ya fara juyawa da ƙara, sannan ya yi shiru. Baba ya daɗe yana juya shi. Mama ta shige madafa, ba ta fito ba.

Da safe Baba Ƙarami ya zo da mashin da igiyar roba. An riga an fito da Baba shan hantsi, fuskarsa na kallon ƙofar gida. Ban taɓa yi wa Baba Ƙarami maganar da ta wuce gaisuwa ba. Na tsaya bayansa har ya juyo.

"Mene ne, ɗiyata?"

"Don Allah ka fita da injin ta baya, wajen garken awaki. Baba yana kallon ƙofa."