Yaya Sabo da Gefen Gilashi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sabo, mai yanka gilashi a kasuwar Haɗeja, Allah Ya jiƙansa. Shekara huɗu na yi a shagonsa, muka rabu ba daɗi, kuma a kan gefen gilashi ne.

Yaya ba ya sallamar gilashi sai ya goge gefensa da dutse da ruwa, ko da na ƙaramar taga ne. Mai kaya na tsaye, kwalekwalen da zai kai shi garin Auyo na shirin tashi, shi yana zaune yana guga. Yakan ce daga gefe tsagewa take farawa. Ni kuwa sarkin gaggawa, da ya juya baya sai in jingine nawa ba guga. Ran da ya yi mini faɗa, na ce masa ya ƙarar da rayuwarsa kan abin da ba mai dubawa. Na koma tuƙin mota. Har ya bar duniya ban janye maganar ba.

Watan jiya 'yarsa Rabi, malamar kimiyya, ta nuna mini wata waya da ake ninkewa biyu. Na ce fuskarta roba ce, ta ce gilashi ne. Wai narkar da shi ake yi, a jawo shi ƙasa yana miƙewa har kaurinsa ya koma na silin gashi, a naɗe kamar yadi. A yanka, a tsoma a narkakken gishiri ya ƙara ƙarfi. Amma kafin tsomawar sai an bi gefen da ruwan asid ya cinye kowace 'yar tsaga, in ba haka ba ninki ɗaya zai karya shi.

Da Yaya na nan, ba zai yarda gilashi na lanƙwasuwa ba sai ya taɓa da hannunsa. Batun gefe kuwa, murmushi kawai zai yi. Kunya ta kama ni. Na faɗa wa Rabi abin da na gaya wa mahaifinta, da gilasan da na tura ƙauyuka ba guga.

Ta ce, "Baffa, ko ɗaya bai tafi haka ba. Da ka fita cin abinci yake bin naka ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Shi ya hana mu faɗa maka."

Tagogin suna nan a gidajen Auyo, sun ga ambaliya ba adadi. Masu gidajen har yau ni suke yaba wa.