Damin Geron da Baba Ya Mayar

Mu asalinmu makiyaya ne. Kakana ne ya gaji da yawo ya zauna a Dugabau, ya sari daji, ya bar wa Baba gonaki uku. Gonar da ke bakin rafi Baba ya ba wani maƙwabcinmu aro, dattijo mai iyali da yawa.

A wajenmu, wanda aka ba aron gona, duk kaka yakan kai wa mai ita damin gero ɗaya da rana tsaka, jama'a na gani. Ba don a ci ba ne, don kowa ya tuna mai gonar. Shekarar farko dattijon ya kawo nasa, Baba ya ji kunya. Ya ce da ni, "Ɗauki ka mayar masa ta bayan gida, kada a gani. Bakinsu ya fi namu yawa." Shekara uku ina mayarwa, har dattijon ya daina kawowa. A lokacin har alfahari nake yi da halin Baba.

Sai gyaɗa ta yi daraja, kowace ƙasa mai yashi ta zama abin so. Dattijon ya rasu. Da Baba ya nemi gonarsa don in noma, tunda na yi iyali, ƙaramin ɗan mamacin ya ce gadon ubansa ce.

Muka tafi gaban alƙali a Gwarzo. Ya tambayi Baba ko akwai wanda ya san aro ne. Waɗanda suka ga damin farko duk sun mutu. Na miƙe na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na riƙa mayar da damin da kaina." Alƙali ya ce, "Zauna. Ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa." Aka ba ɗan mamacin Alƙur'ani ya rantse, aka bar masa gona. Na so in tsane shi, na kasa, don tun tasowarsa bai taɓa ganin ubansa ya kai wa kowa dami ba.

Ranar kasuwar Getso ba a yi wata hira ba sai tamu. Malamai suka ce hukunci ya yi daidai. 'Yan boko suka ce yanzu doka ta sake, mu ɗaukaka ƙara zuwa Kano. Kowa ya zama lauya a gindin rumfa, alhali ko kadadar gonar ba su sani ba. Ni dai na matsa wa Baba mu tafi. Ya ce, "Mu je mu ce me? Alƙali bai zalunce ni ba. Ni na ɓoye shaidata da hannuna." Daga ranar bai sake bin hanyar rafi ba, ya rame, magana ta yi masa wuya.

Da kaka ta zo, wata rana da hantsi, sai ga matar mamacin, tsohuwa tukuf, da damin gero a ka. Ta bi ta tsakiyar gari, ta sauke shi a ƙofarmu. Ta ce, "Malam, ni na sani. Ba wanda ya tambaye ni, kuma ba zan iya tona ɗana a gaban alƙali ba."

Baba ya daɗe yana kallon damin, hawaye na bin gemunsa. Na sunkuya zan ɗauka, na tambaye shi ko in mayar.

Ya ce, "A'a. Bar shi nan waje, inda kowa zai gani."