Ƙugiya a Gefen Rajistar Baba

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku da direba. Aikina a ofishin lafiya shi ne ba da lamba. Duk abin da aka yi wa majiyyaci a asibiti yana da tasa: ɗinkin rauni daban, tsaga maruru daban, cire abin da ya shige jiki daban, wankin ciwo kuma shi ne ƙarami a cikinsu. Da waɗannan lambobi manya ke sanin inda ake aiki da inda ake zaman banza.

Abin da ya fito da ni shi ne wani ƙaramin asibiti kusa da madatsar Goronyo. Wata da watanni rahotonsu ba ya nuna komai sai wankin ciwo. Ni da hannuna na rubuta cewa ma'aikacin wurin ba shi da aikin yi, a mayar da shi birni tare da kayan ɗinkinsa. Takardar na kan teburin maigidanmu na ofis, sa hannu kawai take jira. Aka ce in je in gani da idona tukuna.

A asibitin Rabah muka fara tsayawa. Rajistarsu tsaf, ba abin gyara sai wuri ɗaya da aka ba kaciya lambar ɗinki. Muka karya da masa mai zafi, direbanmu yana ta mita wai masar bana ta rame, kuɗinta kuma ya yi ƙiba. Hanyar Wurno ta ba mu wuya, ramuka da shingayen jami'an tsaro, kowane shinge a buɗe but ɗin mota a rufe. Amma fa idonka zai sha kallo, fadama shar da shinkafa, ga buhunan albasa jere a bakin titi. Abokan tafiyata suka sayi albasa kamar za su buɗe gidan abinci, motar ta ɗauki wari har Goronyo.

Bayan azahar muka isa asibitin. Ɗaki biyu ne da rumfa. Ma'aikacin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Mun tarar yana zare ƙugiya daga tafin hannun wani masunci. Ya yi masa allurar kashe zafi, ya tsaga, ya cire, ya ɗinke. Yana gamawa ya jawo rajista ina tsaye a kansa, ya rubuta wankin ciwo. Raina ya ɓaci, wallahi.

Na ce, “Haba Baba! Wannan ai aiki biyu ne, cirewa da ɗinki.”

Ya ce, “To mi kaka son in rubuta, ɗana? Ni ba likita na ba. In na ce na tsaga mutum, sai a ce na ɗauki abin da ba nawa ba.”

Na gaya masa takardar shaidar karatunsa ta ba shi izinin waɗannan ƙananan ayyuka, tsoro ne kawai. Amma ta yaya zan gyara na baya, tunda duk abu ɗaya ya rubuta? Sai ya nuna mini gefen shafin. Ashe kowane layi yana da ɗan zane da biro, don ya tuna ranar da mutum zai dawo. Ƙugiya ga masunta, lauje ga wanda ya yanke a gona, ɗan da'ira ga maruru, allura ga ɗinki.

Muka baje a tabarma, yana faɗa ina ba da lamba, shafi bayan shafi. Matar masuncin nan ta aiko mana soyayyen kifi, na ci da kunya, don ba ta san abin da na rubuta a kan Baba ba. Shi ma Baban ban iya gaya masa ba. Kafin la'asar sakaliya, wankin ciwo na gaskiya ya koma ɗan kaɗan a cikin littafin.

Mun shigo Sakkwato gab da magariba, muka yi hamdala. Washegari tun kafin maigida ya zauna na roƙi takardata na janye ta, Baba yana nan inda yake. Na koyi cewa lambar da nake bayarwa ba ta wuce abin da aka rubuto mini ba, kuma ba kowa ke rubuta abin da ya yi ba. Abin da ke damuna har yau shi ne ba Baba ne na farko da na rubuta a ɗauke ba. Sauran an ɗauke su, kuma ban taɓa zuwa na buɗe rajistarsu ba.