Tsanin Dara a Gindin Aduwa

Har yau in na ga ana haƙa gurbin dara a ƙasa, raina sai ya ɓaci, don wana nake tunawa.

A Dakoro, zamanin Nasara, muna yin dara ran kasuwa a gindin wata aduwa, da tsinke da kashin raƙumi. Kafin zuwan tafintan kumandan, Baturen da ke mulkin garin, auna mutum muke yi da baki. In ka cinye gwani, darajarka ta ɗaga sosai. In rago ka cinye, babu mai ko tanka maka. Ka tafi kiwo ka yi damina a arewa, ka dawo ka tarar da nauyinka yadda ka bar shi. Akwai gardama a ciki, ban musa ba, amma kowa ya san wana ne gaba.

Sai tafinta ya zo da abin da ya kira tsani. Kowa da matakinsa, ba ka karawa sai da wanda ke bisa kanka, karo guda a kasuwa guda. Ka cinye shi, ka hau wurinsa. Wanda ya yi fashi kuma ya koma ƙasa. Mutane suka ji daɗi, wai gardama ta ƙare, kowa ya san inda yake. Ni tun ranar abin bai kwanta mini ba.

Ana haka aka ɗauke wana soja. Ba shi ya nema ba, kama shi aka yi. Tafinta ya haye saman tsani ba tare da ya taɓa cin wana ko sau ɗaya ba.

Bayan shekaru wana ya dawo a rame, da tari mai tsanani. Ranar kasuwa ya zo ya zauna inda ya saba. Tafinta ya ce masa: "Soja, wanga wuri ba naka ba ne yanzu. Koma ƙasa, ka faro."

Na ce: "Haba tafinta, mi ya ragu ga hannunai? Ku buga guda mu gani."

Ya ce doka ce. Wana ya dafa ni, ya ce: "Bari, ƙane, ina hawowa."

Ya kuwa hau. Duk kasuwa sai ya kayar da mutum guda, yana tari yana jera uku. Har da waɗanda shi ya koya musu riƙon tsinke, sai da ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon ƙarfinsa na ƙarewa a kan mutanen da da can ba su isa su zauna gabansa ba.

Da ya kai mataki na biyu, ranar da za su haɗu, aka ce tafinta ya bi kumandan rangadi wajen Bader Goula. Na ce to ya yi fashi, ya koma ƙasa. Dattawan wurin suka sunkuyar da kai, wani ya ce ai aikin gwamnati ne ya kai shi. Na ce wana fa, yawon ganin gari ya tafi?

Kasuwar da ta biyo, tafinta ya dawo, ya haƙa gurabe, ya zauna yana jiran na biyu. Mu kuwa muna maƙabarta, muna rufe wana.