Baƙin Layin da Na Sa Sani Ya Bi

Shekaru sun ja, amma wata Asabar ta watan Yuni ta ƙi barin raina. Lokacin ni ne babban makanike a wani filin tseren kart, ƙananan motocin nan masu kujera ɗaya da kusan a ƙasa mutum yake zaune. Kafin nan na daɗe ina zemijan, ina ɗaukar fasinja a babur tsakanin unguwar Zongo da kasuwar Dantokpa. Don haka in ana zancen tuƙi cikin ruwa, ba na sauraron kowa.

Sani ɗan ƙanwata ne, ni na kawo shi filin, kuma hannunsa ya faɗa sosai a tuƙin kart. Ranar nan shef ɗinmu, wato shugaban filin, ya ce duk wanda ya zo cikin ukun farko a tseren za a ba shi mota a ƙungiyar tserenmu. Shekarun Sani sun kai iyakar waɗanda ake ɗauka, in ya rasa wannan shi ke nan.

Ana dab da fara tseren ruwa ya sauko. Ga yadda abin yake. Inda motoci suka saba bi a kwana, robar taya takan kwanta ta yi baƙin layi. In ƙasa a bushe take, nan taya ta fi kamawa. Ruwa na taɓa shi sai ya koma kamar sabulu, dole direba ya buɗe ta waje, ya taka birki da wuri a hankali. Ni ban san wannan ba. Na titi na sani: ɗan zem sawun motoci yake bi, don nan ne babu ɓoyayyen rami.

Sani ya ce, "Kawu, na ji an ce in da ruwa ta waje ake bi."

Na ce, "In ji wa? Tun ba a haife ka ba nake tuƙi cikin ruwa. Bi baƙin layin nan."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu."

Yana na biyu ya shiga kwana ta uku, motar ta juya da shi, ta tsaya tana kallon baya. Sauran duk suka wuce ta waje.

Ku da kuke aikin yanzu, ku sani mutanenmu ba sa musu da babba, ko sun fi shi gaskiya. Don haka babban ne ya kamata ya iya cewa bai sani ba. Ni na kasa, kuma abin yana cina har yau.

Yanzu Sani zem yake yi a Tokpa-Hoho, da rigarsa rawaya ta 'yan zem. Bai taɓa tayar da maganar ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi, amma duk inda ya gan ni sai ya sauka daga babur ya gaishe ni.