Ranar da Na Kashe Motar Malam Yohanna

Ranar Asabar ce bayan Ista, ina aji biyar na firamare, aka kawo wata tsohuwar akori-kura garejin Baba da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Ta Malam Yohanna ce, mai jigilar citta zuwa Kagarko, kuma ta daina hawa tudu in an yi mata lodi. Baba ya ciro gejin gwada ƙarfin inji daga akwatinsa, ya miƙa wa yayata Rifkatu. Ko kallona bai yi ba.

Shekara biyu kacal ta ba ni. Tare muke ɗebo ruwa, tare muke kankare citta a tsakar gida har yatsunmu su yi raɗaɗi, a makaranta ma na fi ta ƙoƙari. Amma ita Baba ya koya wa kwance fulogi da ɗaura geji a gurbinsa, ita yake nuna wa direbobi yana cewa, "Wannan kunnenta yana jin ciwon mota." Ni kuwa aikina wanke sifana da kananzir. Duk sanda aka yabe ta sai kishi ya kama ni.

Kullum Baba yana faɗa mana, "Ba a gwada inji da sanyi, sai ya ɗauki zafi yake faɗin gaskiya." Ran nan aka kira shi kasuwa duba wata bas. Rifkatu ta tayar da motar, ta ce in zauna ciki in lura da allurar zafi har ta kai tsakiya, ita za ta karɓo mana abinci wurin Mama. Tana shan kwana na murɗe makulli na kashe motar. Da ta dawo na ce, "Yaya, ya kai, na kashe."

Ta yarda. Ta kwance fulogi huɗu, Malam Yohanna yana murza makulli tana duba geji, ko'ina allura ta tsaya ƙasa. Ta ce masa ringin da ke cikin inji ya cinye, sai an sauke injin. Bawan Allah ya zauna kan taya ya dafe kai, ga cittar mutane jibge tana jiransa.

Baba na dawowa ya taɓa tiyon lagireto, ya ji shi sanyi ƙalau. A gaban kowa ya daka mata tsawa: "Rifkatu! Haka na koya maki?" Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Baba, ni na yi gaggawa." Aka bar injin ya yi zafi aka sake gwadawa, lafiyarsa lau, ashe matatar mai ce ta toshe. Wata guda Baba ya hana ta taɓa gejin, ni ma bai ba ni ba. Har na ji yana gaya wa Mama cewa yarinyar tana da zuciya, ba ta musun laifi. Kishina ya ƙaru.

Yanzu Baba ya rasu, garejin na Rifkatu ne, kwamfuta take jona wa mota, ni ina koyarwa a Kauru. In na je Kirsimeti na ga maza suna layi suna kiranta "Oga", nakan so a ce na taɓa roƙon Baba ya koya mini. Har yau ban faɗa mata cewa da gangan na kashe motar ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ko shirun ma ta fi ni iyawa.